Sarki Ɗaya, Kuɗi Iri Biyu

A cikin shekarar 1858 ne waɗansu mutane kaɗan a birnin New York suka kafa Ƙungiyar Masanan Tsabar Kuɗi ta Amurka, domin tattara tsofaffin kuɗi da binciken tarihinsu. Sannu a hankali taskarta ta bunƙasa, har abin da ke ciki ya haura guda 800,000. Daga ciki akwai kuɗin Ingila da na ƙasashen da ta mulka. Tun 1972 kuma ake yin wani babban taro a birnin, inda dillalai daga ƙasashe dabam-dabam kan baje tsofaffin kuɗi, a yi ciniki, a yi gwanjo.

Cikin kuɗin Ingila, kaɗan ne suka kai na Sarki Edward na Takwas daraja a wurin masu wannan sha'awa. Ya hau gadon sarauta cikin Janairu 1936, ya yi murabus cikin Disamba domin ya auri Wallis Simpson, wata Ba'amurkiya. A lokacin an riga an shirya kuɗi masu hoton kansa, amma ba a sake su ba, sai 'yan samfura suka rage. A 2020 aka sayar da ɗaya daga cikinsu, wato fam na zinariya, a kan fam miliyan ɗaya.

To, abin da bai shiga hannun mutanen London ba, ya shiga hannun 'yan koli a kasuwar Kurmi ta Kano. Kwabo da ɗari da anini na Afirka ta Yamma suna da huda a tsakiya, saboda haka ba a sa musu hoton sarki, sai sunansa. Wannan ya sa aka buga su da sunan Edward tun cikin 1936, aka yi ta saye da sayarwa da su. Da ma tun 1907 ake buga anini da kwabo domin Nijeriya, da rubutun Larabci a jikinsu, don su maye gurbin wuri.

Da yake an buga su da yawa, har yanzu farashinsu bai taka kara ya karya ba, gama ƙarancin abu shi ke jawo tsadarsa. Haka lamarin yake ga kuɗin tunawa na zamani. Tsabar sule biyar da aka buga a 1965 don tunawa da Churchill tana da araha, saboda miliyoyi aka yi. Amma ta peni 50 ta Lambun Kew, ta 2009, wadda 210,000 kaɗai aka sake, ana rububinta.

Sai dai tsada dabam, darajar tarihi dabam. Fam ɗin Edward labarin fada yake bayarwa, aninin kuwa shaida ne na yadda talaka ya bar ƙirga wuri, ya koma biyan haraji da kuɗin Bature. Tun kafin naira ta fito a 1973 ya daina tafiya. Wanda ya tarar da shi a adakar kakarsa ya adana, domin ba za a ƙara buga irinsa ba.