Karatun digiri a ilmin halayyar ɗan Adam ta intanet: Abin da ɗalibin ƙasar Yawuri zai tarar

Jami'o'in gwamnati uku da ke jihar Kebbi suna Birnin Kebbi da Aliero da Zuru ne. Babu ko ɗaya a ƙasar Yawuri, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Yawuri da Ngaski da Shanga, ko da yake Sarkin Yawuri, Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, tsohon shugaban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ne da ke Sakkwato.

Wannan ne ya sa malamin firamare a Shanga, ko ma'aikaciyar jinya a Yelwa, ko matar aure a Wara da ke son digiri ba tare da barin gida ba, kan karkata ga karatu ta intanet. Ɗaya daga cikin fannonin da ake iya karantawa ta wannan hanya shi ne ilmin halayyar ɗan Adam, wanda 'yan boko ke kira saikoloji.

Mene ne fannin ya ƙunsa?

Ilmi ne da ke nazarin yadda mutum ke tunani da koyo da tuna abu da mantawa, da yadda yake girma daga yarinta zuwa tsufa, da kuma yadda yake canzawa idan ya shiga cikin jama'a.

Akasari ana ƙirga farkonsa a matsayin fannin kimiyya daga shekarar 1879, lokacin da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaje-gwaje a Jami'ar Leipzig ta Jamus.

A Najeriya, Jami'ar Nsukka ce ta fara buɗe sashensa a 1964, daga bisani Legas da Jos da Ibadan suka biyo baya. A can arewa mai nisa kuwa, an fi saninsa ta ƙofar tsangayar ilmi, wato a matsayin nazarin yadda yaro ke koyo da kuma aikin ba da shawara ga ɗalibai. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashe sukutum a kan haka.

Duk wanda ya yi NCE ya taɓa haɗuwa da karen Pavlov da matakan girman yaro na Piaget, ko da ya manta da su washegarin jarrabawa.

Sai dai akwai abu biyu da sabon ɗalibi kan yi wa mummunar fahimta.

Na farko, fannin ba ya koya wa mutum karanta abin da ke zuciyar wani. Abin da ɗalibi zai tarar shi ne ilmin ƙididdiga, da dabarun bincike, da tsarin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Wanda ya gudo daga lissafi a sakandare zai iske lissafin yana jiransa tun a shekarar farko.

Na biyu, mai wannan digiri ba likita ba ne. Likitan ƙwaƙwalwa sai ya gama karatun likitanci sannan ya ƙware a fannin, kuma shi ne ke rubuta magani. Masanin halayya yana aiki ne da gwaji da tattaunawa, kuma kafin ya zauna da maras lafiya a asibiti sai ya ƙara digiri na biyu da horo a ƙarƙashin ƙwararre.

Buƙatar da ke bakin tafki

A shekarar 2021, cikin makonni uku kacal, musibu biyu suka afka wa ƙaramar hukumar Ngaski.

Ranar 26 ga watan Mayu wani jirgin ruwa ɗauke da mutane fiye da 150 ya nutse a kusa da Wara, kuma kimanin 20 ne kawai aka ceto da rai.

Ranar 17 ga watan Yuni kuma 'yan bindiga suka kai hari Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri, inda suka kashe ɗan sanda guda, suka yi awon gaba da gomman ɗalibai da wasu malamai. An riƙa sako su rukuni-rukuni, amma 'yan mata 11 na ƙarshe ba su dawo gida ba sai a 2023, wasunsu da goyo.

Yaron da ya fito daga daji bayan watanni, ko uwar da aka tsamo gawarwakin 'ya'yanta daga ruwa, ba ciwon jiki kaɗai suke ɗauke da shi ba. Rashin barci, da firgita da ƙaramin motsi, da ƙin komawa aji, da dogon shiru, alamu ne da masana suka daɗe da tantancewa, kuma akwai hanyoyin taimako da aka gwada aka ga amfaninsu.

Jama'ar yankin ma ba baƙin rabuwa da gida ba ne. Da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, mutane kimanin dubu 44 ne aka tayar daga garuruwansu, cikinsu har da Gungawa da ruwa ya cinye tsibiransu. An gina musu sababbin gidaje, an ƙididdige gonaki da kifi, amma abin da ƙaurar ta yi wa zukatan dattawan da suka bar kushewun iyayensu a ƙarƙashin ruwa bai samu irin wannan kulawa ba.

Alƙaluman da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Najeriya ta sha bayarwa na nuna cewa yawansu bai kai 300 ba, a ƙasar da ke da mutane sama da miliyan 200. Babban asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke yi wa wannan shiyya hidima yana Kware ne, gaba da Sakkwato, tafiyar sa'o'i da dama daga Yelwa ta Koko da Jega.

Sai a watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 da ta samo asali daga zamanin Turawan mulkin mallaka.

Daga wasiƙa zuwa wayar salula

Karatu daga nesa ba sabon abu ba ne a Najeriya. Jami'ar Landan ta buɗe ƙofar jarrabawarta ga ɗaliban waje tun 1858, kuma ta haka ne Alvan Ikoku ya samu digirin falsafa a 1928 yana aikin koyarwa a gida.

A arewa, dubban malaman firamare sun samu takardar NCE ta hannun Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, suna karatu a ƙarshen mako da lokacin hutu.

A Birtaniya an kafa Buɗaɗɗiyar Jami'a a 1969, ta ɗauki ɗaliban farko a 1971, tana watsa laccoci ta rediyo da talbijin na BBC. Ilmin halayyar ɗan Adam na daga cikin fannonin da suka fi samun ɗalibai a cikinta. Jami'ar UNISA ta Afirka ta Kudu kuwa tun 1946 take koyarwa daga nesa.

Ita ma Najeriya ta kafa tata, wato NOUN, a 1983 a zamanin Shugaba Shehu Shagari. Gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, ta yi shekaru kusan 18 a kwance kafin Shugaba Olusegun Obasanjo ya farfaɗo da ita. Daga baya shi kansa ya zama ɗalibinta, har ya karɓi digirin digirgir a 2018. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Kano ya shugabance ta daga 2016 zuwa 2021.

Ƙofofin da ke buɗe

Cibiyar karatu daga nesa ta Jami'ar Ibadan, wadda ta faro a 1988, tana ba da digirin farko a wannan fanni da sunansa. Takardar ta Jami'ar Ibadan ce. Amma idan an kira jarrabawa a can, ɗan Yawuri sai ya kama hanyar Kontagora da Mokwa da Jebba da Ilori, ya kuma tanadi kuɗin mota da na masauki.

A NOUN, wadda ke da cibiyoyi fiye da 100 a faɗin ƙasar, ɗalibi na haɗuwa da darussan fannin a cikin wasu kwasa-kwasai, kamar nazarin aikata laifuka da tsaro, da kuma fannonin koyarwa. Littattafan darussanta suna shafinta kyauta, kowa na iya saukewa ya duba kafin ya biya ko sisin kwabo. Aikin gida da ake yi ta kwamfuta na ɗaukar kashi 30 cikin ɗari na maki, jarrabawa kuma kashi 70, kuma a cibiya ake zana ta, ba a ɗaka ba.

Wani abin da ke jan hankalin iyaye shi ne jami'ar ba ta shiga yajin aikin ƙungiyar ASUU, wanda a 2022 ya rufe jami'o'in tarayya har tsawon watanni takwas.

Akwai kuma jami'o'in waje. Ɗaya daga cikin waɗanda ɗaliban arewa suka sani ita ce wadda Dakta Bilal Philips ya kafa a 2007, mai hedkwata a Gambiya, da ke haɗa fannin da mahangar Musulunci. Na Birtaniya kuwa da fam ake biya, abin da ya fi ƙarfin albashin malamin makaranta nesa ba kusa ba.

Sharaɗin shiga a Najeriya dai shi ne kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da lissafi. Karatun na shekara huɗu ne a ƙalla, mai NCE ko difloma kuma kan iya farawa daga aji biyu.

A nan ne ya kamata ɗalibi ya yi taka-tsantsan. Darussan da ake samu a dandali irin su Coursera, kamar na Farfesa Paul Bloom daga Jami'ar Yale, suna da matuƙar amfani, amma shaidar halarta suke bayarwa, ba digiri ba.

Haka kuma a watan Disambar 2023 ɗan jaridar Daily Nigerian, Umar Audu, ya bayyana yadda ya sayi digiri daga wata jami'a a Kwatano cikin makonni shida. Ranar 2 ga Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun jami'o'in Benin da Togo. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, tana wallafa sunayen cibiyoyin karatu daga nesa da ta amince da su, kuma amincewa da jami'a daban, amincewa da kwas ɗin da ake so daban. Takardar ƙasar waje kuma sai Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta tantance ta kafin a ɗauki mai ita aikin gwamnati.

Wuta da data

A takarda, abin da ake buƙata shi ne waya mai intanet, zai fi kyau a samu kwamfuta. A aikace kuwa, ɗalibin da ke zaune a bakin tafkin da madatsarsa aka gina don samar da wutar lantarki kan kai wayarsa shagon masu caji, ko ya dogara da ƙaramin faifan sola.

A cikin Yelwa sabis na da dama-dama. A tungayen masunta da ƙauyukan da ke nesa da babban titi lamarin ya bambanta, kuma laccar bidiyo ta sa'a guda na cin data mai yawa. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara farashi da kashi 50 cikin ɗari.

Masu lura da harkar ilmi sun daɗe da gano cewa ɗaliban nesa sun fi na aji yawan ajiye karatu a tsakiya, har a ƙasashen da ba a ɗauke wuta. Babu malami a kai, babu abokin hira, ga kuma noman albasa ko shinkafa da hidimar iyali.

Ilmin waye, a kan waye?

Wasu iyaye na ɗar-ɗar da fannin saboda abin da suka ji game da Sigmund Freud da ra'ayinsa kan addini. Gaskiyar magana ita ce Freud babi ne guda a tarihin fannin, kuma galibin masana na yau ba sa bin tafarkinsa.

Malaman Musulunci ma sun riga shi shiga wannan fage da shekaru kusan dubu. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934 miladiyya, ya yi bayani a littafinsa Masalih al-Abdan wal-Anfus kan tsoro da fushi da waswasi, ya kuma bambanta baƙin cikin da aka san dalilinsa da wanda ke zuwa ba tare da sanadi na zahiri ba. Marigayi Farfesa Malik Badri na Sudan, wanda ya rasu a 2021, ya fassara wannan ɓangare zuwa Turanci, bayan da tun a 1979 ya rubuta littafi yana gargaɗin masanan Musulmi da kada su kwafo komai ido rufe.

Gargaɗin na da tushe. Wani nazari da Jeffrey Arnett ya wallafa a 2008 ya nuna cewa kashi 96 cikin ɗari na mutanen da aka yi bincike a kansu a manyan mujallun fannin sun fito ne daga ƙasashen yammacin duniya, waɗanda ke da kashi 12 cikin ɗari na al'ummar duniya.

Littafin da aka rubuta da ɗalibin Amurka a zuci ba zai ce komai ba game da kunyar ɗan fari, ko zaman kishiyoyi, ko almajiranci, ko yadda iyali kan fara kai mai taɓin hankali wurin malamin ruƙiyya kafin a tuna da asibiti.

Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fahimci haka tun 1954. A Aro, kusa da Abeokuta, ya riƙa saukar da marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan uwansu, yana kuma aiki da masu maganin gargajiya. Tsarin ya yi suna a duniya, shi kuma daga bisani ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya.

Bayan digiri

Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a samu masu ba ɗalibai shawara a makarantun sakandare, kuma har yau guraben da dama wani malamin darasi ne ke riƙe da su a matsayin ƙarin aiki. Akwai kuma aiki a ma'aikatun jin daɗin jama'a, da gidajen gyaran hali, da hukumar NDLEA, da ƙungiyoyin agaji da ke kula da 'yan gudun hijira.

A shekarar ƙarshe kowane ɗalibi sai ya rubuta kundin bincike, kuma ɗalibin nesa a garinsu yake tattara bayanai. Yawancin takardun tambayoyin da ake auna damuwa da firgici da su da Turanci aka tsara su. Wanda zai yi amfani da su a Wara ko Shanga sai ya fara mayar da su Hausa, wani lokaci ma Gunganci ko Kambarci, sannan ya nemi wani da bai ga asalin ba ya sake mayar da su Turanci, domin a gwada ko tambayar ba ta canza ma'ana a hanya ba.