Grand-Popo: tsohuwar tashar da teku ya cinye

Grand-Popo gari ne a gaɓar tekun Jamhuriyar Benin, kusa da iyakar Togo, a bakin kogin Mono. Da cinikin bayi ya yi suna. A ƙarni na 19 manja ya maye gurbin bayi, ƴan kasuwar Faransa suka gina shaguna da ɗakunan ajiya, ana kai wa manyan jirage kaya cikin kwale-kwale saboda ba sa iya matsowa gaɓa. Daga baya Kotonu ta janye cinikin, musamman da aka buɗe babbar tasharta a 1965, wadda ƴan kasuwar Nijar suka sani sarai. Teku kuma ya yi ta cin ƙasa har ya haɗiye babban ɓangare na tsohon garin. A unguwar Gbecon ana ganin kangayen da suka rage.