Daga Cin Rani Zuwa Japa

Akwai wata kalma da ta cika bakin samarinmu a 'yan shekarun nan, har ta fara kutsawa cikin rubuce-rubucen da sababbin marubuta ke kawo mana mu duba. Kalmar ita ce japa. A Facebook da TikTok za ka ga an rubuta "wane ya yi japa", ko kuwa "in na sami hanya japa zan yi". Mu da muke koyarwa a makarantun yankin Kura da Bunkure muna jin ta a bakin ɗalibai, galibi cikin raha, amma ba kullum raha ba ce.

Asalin kalmar Yarbanci ne, ma'anarta mutum ya kuɓuce ya tsere gaba ɗaya. Waƙar Naira Marley mai wannan suna ta 2018 ta taimaka wajen yaɗa ta, sannan bayan tarzomar 2020 da tsadar rayuwar da ta biyo baya sai ta koma nufin barin Nijeriya zuwa Ingila ko Kanada ko Amurka neman aiki ko karatu. Likitoci da malaman jinya su aka fi jinginawa ita. A ƙarshen 2024 ƙamusun Oxford na Turanci ya shigar da ita. Da ta iso wurinmu Bahaushe ya yi mata abin da ya saba yi wa baƙuwar kalma, ya ɗora mata "yi" a gaba, kamar yadda ya ce yin fakin ko yin rajista.

To amma tafiya neman abinci ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, kuma muna da kalmominta tun kaka da kakanni. Fatake sun bi hanyar Gwanja sayen goro, wasu suka zauna can suka kafa zango a Salaga da Kumasi. Garin Kura kansa ya yi suna da rini, har rawanin da Buzaye ke taƙama da shi ake kira ɗan Kura, ana kai shi Agadas. Waɗanda suka tafi Makka a ƙasa suka maƙale a Sudan ko Hijaz, su da zuriyarsu, ana ce musu takari. Daga baya aka sami 'yan Kano-Jidda.

Kalmar da ta fi shafar talakan ƙauye ita ce cin rani. Da an gama girbi an cika rumbu, sai magidanci ko saurayi ya ɗauki ɗan ƙunshinsa ya nufi birni ko Kurmi, ya yi dako ko ga-ruwa ko yankan farce, wani kuma ya bi malaminsa da allo. Hikimar a fili take: bakinsa ya ragu a kan hatsin gida, kuma zai dawo da kuɗin haraji, wanda Turawan mulki suka ce sai da tsabar kuɗi za a biya. Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ta ƙara sauƙaƙa tafiyar. Sharaɗin cin rani ɗaya ne, ba a rubuce yake ba amma kowa ya san shi: da hadari ya fara haɗuwa ɗan cin rani na hanyar gida. Wanda damina ta faɗi bai dawo ba, sunansa ya canja, an fara ce masa ɗan tasha ko wanda ya shiga duniya.

A nan yankinmu ne wannan al'ada ta juye. Gwamnatin Audu Bako, wadda ta yi mulkin Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, ta fara gwajin noman ban-ruwa a Kadawa, ta kuma gina madatsar Tiga da aka kammala a 1974, daidai lokacin da fari ya gallabi Arewa. A 1976 aka kafa hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are, ita ta karɓi aikin. Ba kowa ne ya ji daɗin farkon abin ba, domin an tashi ƙauyuka, an sake rabon gonaki, kuma mai ƙaramin ƙarfi da yawa ya ba da hayar tasa ga mai kuɗin taki. Duk da haka ruwa ya bi magudanai ya ratsa dubban kadada a Kura da Bunkure da Garun Malam. Rani ya zama lokacin alkama da tumatir da albasa da shinkafa. Mutumin da ubansa ya ci rani a Ikko, shi yanzu yake ɗaukar 'yan cin rani daga wasu garuruwa suna yi masa dashe da tsinkar tumatir, ana loda kwanduna a Kwanar Gafan zuwa Kudu.

Shi ya sa muke jan hankalin masu rubuta labari da kada su sa japa a inda cin rani ya dace. Ɗan cin rani yana da gona tana jiransa, kuma ya san watan dawowarsa. Mai japa sau da yawa gonar ce ake sayarwa a biya masa kuɗin biza ko kuɗin mota zuwa Agadas da Libiya. Idan marubuci ya sa dattijon Bunkure na shekarun 1960 yana cewa ɗansa ya yi japa, ya ɓata zamanin labarinsa, ya kuma ɗora wa yaron niyyar da ba shi da ita. Idan kuwa saurayin yau ne mai digiri da wayar hannu, wanda ƙwarin tumatir irin na 2016 ya cinye wa jari, to japa ce za ta fito daga bakinsa, ko da tsohuwarsa za ta ci gaba da gaya wa maƙwabta cewa ya tafi cin rani ne.