Ambaliyar Vermont: Ruwa Ya Janye, Katafila Ta Shiga Kogi

A arewa maso gabashin Amurka akwai wata ƙaramar jiha mai tsaunuka da ake kira Vermont. Kogunanta ba irin Gulbin Maraɗi ba ne da ke ƙafewa da rani. Ƙanana ne, masu sanyi, suna gangarowa daga duwatsu shekara duka. A cikinsu ne kifin tirawut yake zaune, wanda mutane ke tasowa daga nesa su kama da fatsa, su sayi lasisi, su kwana a masauki, ƴan ƙauye su samu na cefane. Kifi ne mai tsirfa: ba ya jure ruwa mai ɗumi, kuma ba ya zuba ƙwai sai cikin tsakuwa mai tsabta.

Jihar ta san ambaliya tun da daɗewa. Ta watan Nuwamba 1927 ta kashe mutum 84, har da mataimakin gwamna, ta kwashe gadoji fiye da 1,200. Maganin da aka riƙe shekaru da yawa shi ne a miƙe kogi, a zurfafa shi, a jera masa duwatsu a gefe don ruwa ya wuce da sauri.

Ranar 28 ga Agusta 2011 guguwar Irene ta sauke ruwa kamar da bakin ƙwarya. Hanyoyin mota na ɗaruruwan kilomita suka lalace, garuruwa 13 suka yanke daga sauran jihar, gidan rainon kifi na Roxbury da aka gina tun 1891 ya rushe. Masu fatsa suka ce shi ke nan, tirawut ya ƙare.

Bai ƙare ba. Ma'aikatan hukumar kifi da namun daji suna da hanyar ƙidaya: su saka lantarki mai sauƙi cikin ruwa, kifi ya suma, su lissafa, su mayar da shi. Sun tarar ya ragu ƙwarai, amma sun san daga ambaliyoyin baya cewa cikin shekara biyu zuwa huɗu yakan koma yadda yake. Dalili kuwa, ambaliya tana wanke laka daga tsakuwa, tana haƙa gurabe masu zurfi, tana kayar da itatuwa cikin ruwa su zama mafaka da inuwa. Kifin da ya tsira sai ya samu wurin zuba ƙwai da ya fi na da. Masuntan Kogin Kwara ba za su yi mamaki ba, don su ma sun san shekarar da ruwa ya malale fadama ita ce ke kawo kifi.

Ɓarnar da ta daɗe ta zo ne bayan ruwa ya janye. Cikin gaggawar gyaran hanyoyi aka tura katafila tsakiyar koguna, aka kwashe tsakuwa don cike ramuka, aka janye itatuwan da suka faɗi, aka baje ƙasan kogi kamar filin ƙwallo. Binciken hukumar na 2012 ya ƙiyasta mil 77, kusan kilomita 124, da aka lalata ta haka, kuma irin wannan wuri shekaru gommai yake ɗauka kafin ya farfaɗo. Ni dai ban ga laifin direban katafila ba: mutanensa na tsallake babu magani babu abinci, aikin da aka ba shi ya yi. Sai dai kogin da aka miƙe gudu yake ƙarawa, ya kai wa garin da ke ƙasa abin da aka kawar daga na sama.

Malamin da ke koyar da labarin ƙasa zai so misalin kogin Otter Creek. A garin Rutland ya yi ɓarna mai yawa. Kafin ya kai Middlebury, kimanin kilomita 50 a gaba, ya ratsa fadamu masu faɗi da ba a gina komai a kansu ba. Ruwan ya bazu, ya huce, ƙarfinsa da ya isa garin bai kai rabin na Rutland ba, duk da ƙoramun da suka ƙaru a hanya.

A 2012 majalisar jihar ta yi doka da ta tsaurara sharuɗɗan taɓa kogi ko da a lokacin gaggawa, aka kuma fara koya wa ma'aikatan hanya yadda kogi ke tafiya kafin su shiga da injina. Gidan kifi na Roxbury kuwa sai a 2020 aka sake buɗe shi.