Baƙon Itace a Ƙasar Kuza: Tarihin Fayin a Tudun Jos

Gabatarwa

Duk wanda ya taso daga Daɗin Kowa ya kama hanyar Miyango, kafin ya yi nisa zai tarar da Gandun Namun Daji na Jos, wanda aka kafa a shekarar 1972, zamanin gwamna Joseph Gomwalk. Yawancin masu zuwa wurin zaki da giwa ne ke kai su, amma a wani ɓangare na gandun akwai kurmin wasu itatuwa dogaye, miƙaƙƙu, masu ganye kamar allura, waɗanda ƙarƙashinsu ba ciyawa sai shimfiɗar busasshen ganye mai laushi. Idan iska ta kaɗa sai a ji suna wani irin shuu, kamar ruwan sama na tafe daga nesa. Wannan itace shi ake kira fayin. Da yake mun buɗe ido mun gan shi, mu da muka tashi a wannan yanki mun ɗauka ɗan ƙasa ne, kamar duwatsun Shere. Ashe baƙo ne, kuma baƙon da ya sha wuya kafin ya sami masauki.

A duk faɗin Afirka kudu da Sahara babu fayin ko guda da yake ɗan asalin yankin. Ɗan'uwansa da Nijeriya ke da shi tun asali shi ne wanda masana ke kira Podocarpus, shi ma sai an hau manyan tsaunukan kan iyakarmu da Kamaru ake ganinsa. Har ila yau, ya kamata a raba fayin da wani itace mai kama da shi da ake shukawa a bakin titi da harabar makarantu, wato Casuarina, domin kamar ce kawai ta haɗa su, ba dangi ba ne. Wannan maƙala za ta bi sawun fayin na ainihi: abin da ya kawo shi, abin da ya hana shi kamawa da farko, da kuma yadda binciken masana ya shawo kan al'amarin.

Ƙasar da Kuza Ta Cinye

Ba a iya fahimtar tarihin itace a Jos sai an waiwayi tarihin kuza. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka sauka a Naraguta, daga nan haƙa ta bazu zuwa Bukuru da Barikin Ladi da sauran wurare. Jirgin ƙasa ya iso daga Zariya a 1914, babban layi kuma ya iso ta Kafanchan a 1927. Dubban leburori suka kwararo daga Kano da Katsina da Barno da kudancin ƙasar, kuma kowannensu yana bukatar itacen girki, da na jin ɗumi a lokacin sanyin Jos da kowa ya sani, da kuma na kafa bukka. Da Japan ta kame Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuza, sai ta juyo kan Jos da ƙarfinta, har da aikin tilas. Tudun da dama can ba shi da yawan itace, saboda noma da kiwo da gobarar daji na shekara da shekaru, sai ya ƙara zama fayau.

Bayan yaƙi ne gwamnati ta fara tunanin gyara. Dokar ma'adinai ta 1946 ta kawo batun maido da ƙasar da aka haƙa, aka kuma shiga baje tarin ƙasa ana dasa itatuwa a kai. Itacen da aka fi dogara da shi a wannan aiki shi ne turare, ɗan asalin Ostareliya, saboda saurin girmansa da juriyarsa. Shi ne ya samar da itacen girki da dogayen sanduna, shi ne kuma ya ba Jos kamannin da aka san ta da su. Sai dai daga baya, a ƙarshen shekarun 1980, wani masani mai suna M. J. Alexander ya auna ƙasar da ke ƙarƙashin waɗannan itatuwa, ya tarar turaren bai gyara ta yadda aka yi fata ba, ya ma ƙara mata tsami. Wannan wani zance ne daban. Abin da ya shafe mu shi ne, turare bai biya wa hukuma wata bukata da take da ita ba, wato katako mai sauƙin sarrafawa da kuma itacen yin takarda mai ƙwari. Ganin Jos na da tsayin kimanin mita 1,200 daga teku, ga sanyi, ga ruwan sama da ya kai milimita 1,400 a shekara, sai malaman daji suka ce ai nan ne gidan fayin.

Sirrin da Ke Cikin Ƙasa

Da aka zo gwaji, sai lissafi ya ƙi fita. A shuka iri, ya tsiro lafiya lau, ya yi 'yan watanni yana kore shar, daga nan sai ya tsaya cik. Ganyen ya koma rawaya, tsiron ya ƙanƙance, ya yi ta jinya har ya mutu. Aka zargi ƙasa, aka zargi rani, aka zargi gara, aka zargi masu ban ruwa. An yi shekaru ana wannan asara.

Amsar kuwa tana cikin littattafai tun 1885, lokacin da wani Bajamushe masanin tsirrai, A. B. Frank, ya bayyana wata irin cuɗanya tsakanin saiwar itace da fumfuna, ya raɗa mata suna maikoraiza, wato fumfunar saiwa. Ga yadda abin yake. Saiwar fayin gajera ce, mai kauri, ba ta da wadatar gashin da sauran tsirrai ke tsotson abinci da shi. Saboda haka sai wata irin fumfuna, dangin laimar kwaɗi, ta lulluɓe bakin saiwar kamar safa, ta kuma miƙa zarenta siriri, wanda ido ba ya gani, zuwa cikin ƙasa nesa da inda saiwa za ta iya kaiwa. Ta wannan zare take jawo ruwa da gishirin ƙasa, musamman fosfaras, ta miƙa wa itacen, shi kuma ya biya ta da sukarin da ganyensa ya haɗa da hasken rana. Cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ke nan. A ƙasashen da fayin ya samo asali, wannan fumfuna tana nan a ko'ina cikin ƙasa, babu mai damuwa da ita. A tudun Jos kuwa, inda fayin bai taɓa zama ba, irin wadda ta dace da shi ba ta nan. An kawo baƙo an baro abokin tafiyarsa a gida, domin ƙwayar iri ba ta ɗauke da fumfunar.

Ba Nijeriya kaɗai ta faɗa wannan rami ba. A tsibirin Fotoriko an yi shekaru ana shuka fayin yana mutuwa, sai a 1955 da aka ɗebo ƙasa daga wani dajin fayin na jihar Karolina ta Arewa a Amurka aka zuba wa tsirrai, nan da nan waɗanda aka zuba wa suka miƙe, waɗanda ba a zuba wa ba suka ci gaba da mutuwa. Mu ma nan irin maganin da ya yi aiki ke nan. Daga shekarun 1950 aka fara samun nasara a tudun Jos, bayan an shigo da ƙasa daga wuraren da fayin ya riga ya kafu. Da itatuwan farko suka kama, sai suka zama rumbu: a kankaro ƙasar gindinsu, a gauraya da wadda za a cika ledojin reno, kowane tsiro ya tashi da rabonsa. Abin mamaki ne a ce al'amarin da ya gagari taki da ban ruwa, ɗan cikin tafin hannu na ƙasa ya warware shi.

Wannan ya zo daidai da lokacin da binciken daji ya sami gindin zama a ƙasar nan. A 1954 aka kafa sashen binciken gandun daji na tarayya a Ibadan, a 1958 aka buɗe makarantar koyon aikin gandun daji a Jos, sannan a 1964 aka kafa tashar binciken itatuwan ƙasar Arewa a Samaru ta Zariya, da taimakon Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Miyango, a ƙasar Irigwe, ta zama ɗaya daga cikin manyan filayen gwaji, Afaka ta kusa da Kaduna ta zama wani. Aka jera nau'o'i ana auna tsayinsu da kaurinsu shekara bayan shekara: Pinus caribaea da Pinus oocarpa daga tsakiyar nahiyar Amurka, da Pinus kesiya daga kudu maso gabashin Asiya.

Da aka sauko da fayin daga tudu zuwa ƙasa mai zafi, sai tsohuwar matsala ta dawo da sabuwar fuska. Fumfunar da ta ji daɗin sanyin Jos ba ta jure zafin ƙasar kwari a watannin bazara. A nan ne masanan Nijeriya suka taka tasu rawar. Z. O. Momoh da R. A. Gbadegesin sun gwada wata fumfuna mai jure zafi, Pisolithus tinctorius, wadda Donald Marx na Amurka ya shahara da bincikenta, suka nuna cewa tsirran da aka haɗa da ita sun fi rayuwa da girma a wuraren zafi. An buga sakamakon a 1980, cikin littafin da Peitsa Mikola na Finlan ya tattara kan fumfunar saiwa a ƙasashen zafi. A ganina wannan aiki ya cancanci a riƙa ambatonsa a azuzuwanmu fiye da yadda ake yi.

Matsalar Iri

Masu iya magana na cewa, kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Wanda ya karɓi baƙon itace, dole ya ɗauki nauyin nema masa iri. Fayin ba ya fure irin na mangwaro ko ɗorawa. Kwanso iri biyu yake fitarwa, namiji ƙarami mai sakin gari rawaya da iska ke ɗauka, da mace mai ɓawo hawa-hawa wadda ke karɓar garin. Daga ranar da garin ya sauka zuwa ranar da iri zai nuna ana ɗaukar fiye da shekara ɗaya da rabi. Idan ya nuna, sai a tsinko kwanson a shanya a rana, ɓawon ya buɗe, ƙwayoyin su zubo, kowace da ɗan fiffikenta.

A ƙasarsa ta asali, sauyin yanayi ne ke sa itatuwa su saki garinsu kusan lokaci guda, iska ta cika da shi. Kusa da tsakiyar duniya kuwa, musamman a wurare masu laima, wannan tsari yakan rikice: wani itace ya saki nasa yau, wani sai bayan makonni, garin ya yi ƙaranci a lokacin da macen ke bukatarsa. Sakamakon shi ne kwanso mai kyan gani, cikinsa kuwa mafi yawa fanko. O. O. Okoro da D. U. U. Okali sun buga bincike a 1987 kan ingancin kwanson Pinus caribaea da aka shuka a Nijeriya, kuma ƙarancin iri mai ƙwaya shi ne abin da ya daɗe yana ci wa masu wannan aiki tuwo a ƙwarya. Dole aka riƙa sayo iri daga waje da kuɗin ƙetare, musamman daga ƙasar da yanzu ake kira Beliz.

Ba kowane iri ba ne kuma ya dace. Itace nau'i ɗaya, amma wanda kakanninsa suka tashi a bakin teku dabam yake da wanda nasa suka tashi a kan tsauni mai dogon rani. Don tantance wannan, cibiyar nazarin gandun daji ta Jami'ar Okisfod ta tura masu tattaro iri zuwa Honduras da Nikaraguwa da Gwatamala da Beliz, ta rarraba wa ƙasashe da dama a farkon shekarun 1970, har da Nijeriya, domin a shuka a kwatanta. Wani abin lura shi ne, R. H. Kemp, wanda ya yi fice a wannan tattarawa, tsohon ma'aikacin binciken daji ne a Arewacin Nijeriya, shi ne ma ya rubuta rahotannin gwajin baƙin itatuwa na tashar Samaru. Ya san abin da raninmu ke yi wa tsiro tun kafin ya je neman iri.

Ƙarancin iri ya shafi tsirowar fayin da kansa. Ko ƙwayar kirki ta faɗo ta tsiro, gobarar kaka na jiranta, kuma busasshen ganyen nan mai laushi da ke ƙarƙashi ci yake kamar an zuba masa kananzir. Babban itace mai kaurin ɓawo yakan tsallake wuta, ɗan tsiro ba ya tsallakewa. Don haka kurmin fayin a wajenmu gona ce, idan an sare ba a dasa ba, ta tafi ke nan.

Katako da Takarda

Me aka so a yi da shi? Zaren da ke cikin itacen fayin dogo ne, yakan kai milimita 3 ko fiye, na itatuwa masu faɗin ganye irin su melaina kuwa bai wuce milimita 1 da 'yan kai ba. Dogon zare shi ke ba takarda ƙwarin da ba za ta yage cikin injin buga jarida ba, shi ke riƙe buhun siminti. Nijeriya ta gina masana'antun takarda uku: ta Jebba da ta fara aiki a 1969, ta Oku Iboku ta takardar jarida da aka buɗe a 1986, da ta Iwopin. Dukkansu sun dogara da dogon zaren da ake shigowa da shi daga waje, kuma burin masu dashen fayin shi ne a wayi gari an daina. Ba a kai ga haka ba. Gonakin fayin ba su yi faɗin da za su ciyar da masana'anta ba, darajar naira ta faɗi daga 1986, kuɗin sayo zare da kayan gyara ya gagara, cikin shekarun 1990 injinan suka yi tsit. Ita ma kuzar da ta jawo wannan tafiya tun farko, kasuwarta ta duniya ta rushe a 1985.

Wajen katako ma fayin bai kori kowa daga kasuwa ba. Ba shi da nauyi, yana karɓar ƙusa da randa cikin sauƙi, amma idan an sare shi ba a busar da wuri ba sai ya yi shuɗin tabo, gara kuma ba ta raga masa sai an jiƙa shi da magani. Wanda aka sare da ƙuruciya, kamar yadda aka fi yi, katakonsa kan murɗe yayin bushewa. Kafintan da ya shiga Kasuwar Katako ta Laranto neman abin yin ƙofa, maɗaci ko loko zai fara tambaya.

Hanyar kankaro ƙasar gindin tsohon fayin a gauraya da ta reno ba ta tsufa ba. Sai dai hanyar tana bukatar tsohon fayin da za a kankaro gindinsa, kuma kowane kurmi da aka sare aka yanka filaye a wurinsa ya tafi da fumfunarsa. A daminar da ta wuce na shiga kurmin gandun namun daji, na tona gindin wani itace da ɗan tsinke. Ƙasa da tsawon yatsa sai ga su nan, 'yan guntayen saiwoyi masu baki biyu, fari-fari, lulluɓe da zare kamar saƙar gizo-gizo. Na mayar da ƙasar na rufe.