Taurari da sharhin masu saye a intanet: yadda ake tantance su kafin sayen kaya masu tsada a Sokodé da Dapaong

Taurari su ne makin da masu saye ke bai wa kaya a shafukan ciniki na intanet, daga ɗaya zuwa biyar. Sharhi kuma, wanda shafukan Faransanci ke kira “avis”, shi ne bayanin da suke rubutawa a ƙasan makin. A Sokodé da Dapaong, inda ake odar batirin sola, firiza ko injin ban ruwa daga Lomé, Cinkassé ko Chaina ta WhatsApp, Facebook da AliExpress, sau da yawa wannan shaidar ce kaɗai mai saye ke gani kafin ya tura kuɗi. Darajarta kuwa ta dogara ne ga wanda ya bayar da ita, da lokacin da ya bayar, da kuma abin da zai samu.

Daga mai gida zuwa taurari

A zamanin fataucin goro tsakanin Kano da Gwanja, ayari kan yada zango a ƙasar Kotokoli, inda Didaouré ta Sokodé ta zama matattarar ’yan kasuwa Musulmi. Baƙon falke ba ya ciniki da ka. Mai gidansa ne ke haɗa shi da dillali, ya tsaya masa, kuma idan aka cuce shi mutuncin mai gidan ne ke zubewa. Taurarin intanet suna neman cike wannan gurbi, sai dai wanda ya bayar da su ba a san fuskarsa ba, kuma ba ya asarar komai idan ya yi ƙarya. Ga kuma nisa: Sokodé na da tazarar kimanin kilomita 340 daga Lomé, Dapaong kuwa fiye da 600. Mayar da firizar da ta lalace ba ƙaramin aiki ba ne.

Yadda ake ƙirƙirar sharhin bogi

Hanya mafi sauƙi ita ce mai kaya ya biya mutane su yabe shi, ko ya mayar wa mai saye kuɗinsa bisa sharaɗin ya ba da taurari biyar. A 2021 kamfanin Amazon ya kori tamburan kaya kusan 600 na Chaina saboda irin wannan maguɗi, sannan a Yulin 2022 ya kai ƙarar masu kula da zaurukan Facebook sama da 10,000 da ake cinikin sharhi a cikinsu.

Akwai masu aika ƙunshi zuwa adireshin mutanen da ba su yi oda ba, domin shafin ya ɗauka an yi ciniki, sai su rubuta wa kansu yabo mai alamar “Achat vérifié”. Wasu kuma sukan ɗauki shafin wani kaya mai arha da ya tara yabo, su sauya hoto da suna. Shi ya sa ake iya ganin sharhin wayar caji a ƙarƙashin hoton batir.

A 2017 wani ɗan jarida a Landan, Oobah Butler, ya kai wani gidan abinci da babu shi matsayi na ɗaya a birnin a shafin TripAdvisor, da sharhin da abokansa suka rubuta.

A WhatsApp da TikTok lamarin ya fi sauƙi: hotunan saƙonnin godiya mai kaya ne ke zaɓar su, kuma yana iya rubuta su da waya ta biyu. A shafinsa na Facebook yana da ikon goge ƙorafin da aka rubuta a ƙarƙashin abin da ya wallafa.

Alamomin da ake dubawa

Na farko, yawan masu sharhi. Alal misali, taurari biyar daga mutum huɗu ba su kai maki 4.3 daga mutum ɗari takwas nauyi ba.

Na biyu, kwanan wata. Yabo da yawa da suka zo cikin kwana biyu ko uku, bayan watanni ana shiru, abin tuhuma ne.

Na uku, lafazi. Wanda ya yi amfani da kaya yakan faɗi awa nawa batir ya riƙe fanka, ko kwana nawa kayan suka yi a hanya. Na haya kuwa ba ya wuce “kaya masu kyau, na gode”.

Na huɗu, sharhin taurari biyu da uku. A nan aka fi samun gaskiya. Idan mutane daban-daban suka ambaci aibi iri ɗaya, to aibin na kayan ne. A kuma duba yadda mai kaya ya amsa musu.

Na biyar, a bambanta makin shago da makin kaya. Shago na iya saurin aikawa alhali kayansa ba su da ƙarko.

Sharhin gaskiya ma yana iya ɓatarwa

Yawancin mutane suna ba da taurari ne a makon da kaya ya iso, lokacin da komai ke sheƙi. Aibin kaya masu tsada kuwa sai an shekara yake fitowa. Haka masu sayen bahon wanka mai ɗumama ruwa a Turai ke fama, haka ma mai sayen batir a Tchaoudjo ko Tône. Sharhin da aka rubuta bayan shekara guda ya fi na ranar farko goma amfani.

Sai kuma yanayi. A Maris da Afrilu zafi kan kai digiri 40 a yankin Savanes, kuma zafi na rage kwanan batir, ƙurar hunturu na rage ƙarfin farantin sola. Firji da firiza suna da ajin yanayi a rubuce a jikinsu: N na aiki har digiri 32, ST har 38, T kuma har 43. Mutumin Faransa da ya yaba firiza mai ajin N gaskiya ya faɗa, amma shaidarsa ba ta shafi mai sayar da ƙanƙara a Dapaong ba. Haka nan wutar kamfanin CEET volt 220 ce, ta Amurka kuma 120, don haka sharhin Ba’amurke yakan kasance kan wani samfurin ne daban.

Abin da doka ta tanada

Tun 28 ga Mayun 2022 dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa shafukan da ke wallafa sharhi su bayyana ko suna tabbatar da cewa masu saye na gaskiya ne suka rubuta. A Amurka, hukumar FTC mai kula da cinikayya ta haramta saye da sayar da sharhin bogi daga Oktoban 2024. Togo na da dokar mu’amala ta intanet tun 2017. Ana kai rahoton damfara ga ’yan sanda, jandarma ko cibiyar CERT.tg, kuma ƙungiyoyin kare masu saye irin su ATC da LCT na karɓar koke.

Kafin a tura kuɗi

Ga ƙananan kayan sola, shirin VeraSol na wallafa jerin waɗanda aka gwada a ɗakin gwaji, kuma ana iya neman sunan samfurin a ciki kyauta. Shaidar mai gyara ma tana da nauyi: shi ya san tambarin da aka fi kawo masa, da wanda ba a samun kayan gyaransa sai a Lomé. In da hali, a je a ga kayan a gidan wanda ya shekara da su, don gani ya kori ji.

A nemi rasit da garanti a rubuce, da sunan wanda zai gyara da inda yake. AliExpress yana da tsarin shigar da ƙorafi da mayar da kuɗi, amma ga wanda ya biya ta cikin shafin kawai. Tura kuɗi ta Flooz ko Mixx by Yas, wato tsohon T-Money, zuwa lambar mutumin da ba a sani ba cinikin biri a sama ne, domin da zarar ya cire su dawo da su yana da wuya. Mafi aminci shi ne ɗan uwa ko amintaccen direba ya duba kayan a shago, a kunna a gabansa, sannan a biya.