Amiyanti a rufin gida: abin da mai saye zai duba kafin ya biya

Mai neman sayen gida a Yamai, Maraɗi, Tawa ko Damagaram yakan sa ido kan takardun fili, da tsagewar bango, da ko ruwa na kwanciya a unguwar lokacin damina. Rufi kuwa, in dai ba ya yoyo, an gama magana. Sai dai akwai wani irin rufi da ya cancanci a tsaya a kansa: kwanon siminti mai launin toka, mai kauri, mai tudu da kwari, wanda ake kira fibro-ciment da Faransanci, wasu kuma su ce Eternit. Idan tsoho ne, da wuya a rasa amiyanti a cikinsa.

Amiyanti, ko asbesto kamar yadda ake ce masa a Najeriya, ma'adini ne da ake haƙowa cikin dutse, yana warwarewa zare-zare kamar auduga. Wuta ba ta cin sa, ba ya tsatsa, gara ba ta taɓa shi. A shekara ta 1900 wani mutumin Ostiriya, Ludwig Hatschek, ya yi rajistar dabarar cuɗa zaren da siminti a fitar da falle mai ƙarfi, wanda daga baya ya raɗa wa suna Eternit. Kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na fallen amiyanti ne, saura siminti. Ya samu kasuwa a ƙasashe masu zafi don dalilin da kowa zai gane: ɗakinsa bai kai na tol ɗaukar zafi ba, kuma ruwan sama ba ya hana mutane jin maganar juna. Masana'antu irin su Nigerite ta Legas sun shafe shekaru suna yin sa. Ban da rufi, an yi amfani da shi wajen allunan plafon, da bututun ruwa, da birkin motoci.

Akasarin gidajen Nijar rufinsu na ƙasa ne, ko tol, ko kankare. Inda ya kamata a yi hattara shi ne tsoffin gidajen siminti, da gidajen ma'aikata, da garaji da ɗakunan ajiya da aka gina kafin shekara ta 2000.

Inda haɗarin yake

Illar amiyanti ta hanyar numfashi take shiga. Zarensa na rarrabuwa har ya kai sirantar da ido ba ya gani, ya daɗe yana yawo cikin iska, ya sauka can cikin huhu, jiki kuma ba ya iya narkar da shi. Yana haddasa taurin huhu da ake kira asbestoz, da sankarar huhu, da wata sankara ta tantanin da ya lulluɓe huhu mai suna mezoteliyom, wadda kusan ba a ganin ta sai ga wanda ya shaƙi amiyanti. Cibiyar binciken sankara ta duniya, CIRC, da ke birnin Liyon ta tabbatar yana jawo sankarar maƙogwaro da ta ƙwan mace ma. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa mutane sama da 200,000 ke mutuwa kowace shekara sakamakon shaƙar sa a wurin aiki.

Abin da ya sa ake raina shi, cutar ba ta gaggawa. Takan ɗauki shekara 20 zuwa 40 kafin ta bayyana. Yaron magini da ya sha ƙurar yana ɗan shekara 18 zai iya fara haki sai ya yi jikoki, lokacin babu mai tuna wane rufi aka yanka. A 1960 likita Christopher Wagner ya nuna a Afirka ta Kudu cewa mezoteliyom ba ta tsaya kan masu haƙar ma'adinin ba, har mazauna kusa da mahaƙar tana kamawa. A Turai an samu mata da suka kamu saboda wanke kayan aikin mazajensu kawai.

Faransa ta haramta shi daga 1 ga Janairun 1997, Tarayyar Turai baki ɗaya a 2005, Afirka ta Kudu a 2008, Kanada a 2018. Garin da ke ɗauke da sunan Asbestos a lardin Kebek ma sai da ya canza suna a 2020, ya koma Val-des-Sources. Ruwanda ta shiga aikin sauke irin wannan rufi daga gine-gine tun 2009. Duk da haka ana ci gaba da haƙar sa a Rasha da Kazakistan da Sin, don haka sabon falle ma ba ya zama shaida in ba a san inda ya fito ba.

A saya ko a fasa?

Ganin kwanon siminti bai isa ya sa a fasa ciniki ba. Muddin fallen lafiya lau yake, siminti na riƙe da zaren, kuma abin da ke fita zuwa iska kaɗan ne ƙwarai. Haɗari na tashi ne ranar da aka huda shi, ko aka yanka, ko aka kankare, ko ya tsufa har ya fara marmashewa. Don haka tambayoyi biyu ne gaban mai saye: a wane hali rufin yake, kuma wane aiki yake shirin yi wa gidan.

Ta farko ido na iya amsa ta. A duba tsagewa, da karyayyun gefuna, da wurin ƙusoshi, da farin gari da ke taruwa a indararo ko a bayan plafon. Rufin da ya sha rana da iskar farkon damina shekara 40 ba ya kama da wanda aka ɗora jiya. Kada a hau kansa don dubawa, domin tsohon falle na ɓallewa ƙarƙashin ƙafar mutum ba tare da gargaɗi ba. Wasu fallayen da aka yi a Turai suna ɗauke da hatimi: NT na nufin babu amiyanti, AT na nufin akwai. Idan babu hatimi, ɗakin bincike mai madubin ƙara girma ne kaɗai ke raba gardama, kuma kafin a samu wannan, a ɗauka akwai shi.

Tambaya ta biyu ta fi nauyi, domin da wuya mutum ya sayi tsohon gida ya bar shi yadda yake. Wani zai ƙara ɗaki, wani zai ɗora bene, wani zai kafa farantan hasken rana ko parabol a kan rufi. Kowanne daga cikinsu yana buƙatar huda ko yanka. Wanda ke da irin wannan niyya gara ya lissafa kuɗin sauke rufin gaba ɗaya da na sabon tol, ya sa su cikin ciniki tun kafin a yi sallama.

A Faransa doka ta ɗora wa mai sayarwa wannan nauyi: duk gidan da aka ba da izinin gina shi kafin 1 ga Yulin 1997 ba a sayar da shi sai da takardar binciken amiyanti daga ƙwararre. Mai saye a Nijar zai iya aron dabarar, ya tambayi shekarar gini da ta rufi, ya nemi a rubuta irin rufin cikin takardar ciniki gaban notar ko shaidu. Dillali zai ce rufin nan ya fi tol ƙarko, kuma gaskiyarsa ce, amma ba ita ce amsar tambayar ba. Mai gidan da ya sani ya yi shiru kuwa ya ɓoye aibin haja, abin da addini da al'adar kasuwa duka suka hana.

Ranar sauke rufi

Wannan rana ita ce mafi haɗari a tarihin gidan, kuma kafinta da yaransa ne a sahun gaba. A fitar da iyali, a sanar da maƙwabta, a guji ranar da ake iska. A jiƙa fallayen da ruwa a hankali, a kwance ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya, a sauko da kowane falle cikakke, ba a jefo shi ƙasa ba. Injin yanka ƙarfe ba shi da wuri a wannan aiki, domin cikin mintoci yana cika tsakar gida da ƙurar. Rawani ko bavet irin ta lokacin korona ba sa tare zaren. Takunkumi mai lamba FFP3 ake bukata, ya zauna daram a fuska. Bayan an gama a goge da tsumma mai ruwa, ban da tsintsiya. Kayan da aka yi aikin da su a ƙulle su cikin leda tare da sharar, kada su koma gida wurin mai wanki.

Saura tsoffin fallayen, kuma nan ne tattali ke zama cuta. A garuruwan da ba a zubar da komai, tsohon falle kan koma rufin garken awaki, ko akurkin kaji, ko rumfar mai shayi, gutsattsarinsa kuma a cike ramin titi da su, motoci su niƙa, hunturu ya kwashi garin ya raba wa unguwa. Ƙonawa ba ta kashe amiyanti, sai ma ta sa fallen ya fashe ya watse. A naɗe su cikin leda mai kauri ninki biyu, a rubuta abin da ke ciki, a tuntuɓi ma'aikatar magajin gari kan wurin da za a binne su, nesa da gonaki da inda za a yanka filaye gobe.

Magini ko kafintan da ya yi shekaru yana yanka irin wannan kwano, idan ya fara haki ko tari mai naci, ya gaya wa likita sana'arsa tun a zuwan farko, domin alamun na kama da na tarin fuka. Idan yana shan taba ya bari: haɗuwar taba da amiyanti na ninka haɗarin sankarar huhu sau da yawa.